Sulusin Me? Yaran Ruga da Lissafin Kashi-Kashi a Gadarif

A wata kaka da ba ta daɗe da wucewa ba, wasu mutanenmu uku da ke kiwo tare suka faɗa cikin irin matsalar da kowane mai sanda ya sani. Suna gangarowa daga Butana bayan ɗaukewar ruwa, sun nufi kudancin Gadarif, sai shanu suka ɓalle da dare suka shiga gefen wata gonar dawa. Gari ya waye aka kira masu kimanta ɓarna, aka yi ta ja-in-ja har rana ta take, daga bisani aka tsaya a kan buhu shida. Mu dai ba mu da ta cewa game da buhu shidan nan, domin kuwa shanu sun ci, manomi kuma yana da hakkinsa.

Abin da ya sa muka kawo labarin shi ne yadda mutanen uku suka raba biyan a tsakaninsu. Na farko yana da shanu 60 a garken, na biyu 40, na uku kuwa 20 kacal. Suka ce tun da su uku ne, kowa ya kawo buhu biyu, aka yi musafaha, aka watse. Alhali kuwa garken duka shanu 120 ne. Mai 60 shi ke da rabin garke, watau buhu uku ke kansa. Mai 40 ke da sulusi, buhu biyu. Mai 20 kuwa sudusi gare shi, buhu ɗaya tak ya kamace shi, amma ga shi ya biya ninkinsa, shi da ya fi kowa rauni. Babu wanda ya yi niyyar cutar wani a cikinsu, mun san su. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne ɗan wannan bawan Allah yana tsaye a wurin, yaron da ya gama aji huɗu, ya iya rubuta ɗaya bisa shida a kan allo da kyakkyawan rubutu, amma bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da malam ya koya masa shi ne ake yi a gaban idonsa ba.

To, a kan wannan muke son mu yi magana yau. Wani zai ce ina ruwan takardar ƙungiyar kare hakkin makiyaya da darasin yaran firamare? Ruwanta da tsaki kuwa. Duk wanda ya zauna ya duba zai ga cewa kusan kowane abu da ake karɓa daga hannun makiyayi, ko ake ba shi, da kashi ake faɗinsa: ushiri, rubu'i, sulusi, kashi kaza cikin ɗari. Lissafin nan da 'ya'yanmu ke ji ana kira kusur a makarantun Sudan, mu kuma muke cewa kashi-kashi, shi ne harshen da ake yanke mana hukunci da shi a kasuwa da gaban alƙali da wurin rabon gado. Ra'ayinmu shi ne ana koyar da shi ta hanyar da ba ta dace da ɗan ruga ba, kuma gyaran ba ya bukatar kuɗi ko gini.

Bari mu fara da ƙasa, tun da ita ce uwar rigima. Kamar yadda manyanmu suka sani, Hausawa da Fulani sun zauna a wannan yanki ne ta hanyar aikin hajji, wasu kuma sun biyo hijirar da aka yi bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta kai ga kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sinnar. A lokacin daji ba ya da iyaka. Daga tsakiyar shekarun 1940 aka soma noma da tarakta a wajen Gadambaliya, a 1968 gwamnati ta kafa hukumar noman injuna, aka yi ta yanka daji ana rabawa gona-gona, wata faddan 1000, wata 1500. Sai kuma dokar 1970 ta ce duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce, makiyayi kuwa bai taɓa yi wa makiyayarsa rajista ba. Tun daga nan burtali ke ta ƙanƙancewa tsakanin dawa da riɗi. Amma a cikin dokokin nan akwai inda aka bar mana ƙofa. Dokar gandun daji ta 1989 ta ce a gonar damina ta tarakta a bar kashi 10 cikin 100 ga itatuwa, a gonar ban-ruwa kuma kashi 5. Ke nan mai faddan 1000 ana binsa faddan 100 na dakwara da dushe da makamantansu, inda dabba za ta sami inuwa da ɗan ganye da rani. Makiyayin da ya san cewa kashi 10 cikin 100 shi ne ushiri, kuma ushirin dubu ɗari ne, yana iya tsayawa a taron sulhu ya tambaya ina faddan ɗarin. Wanda bai sani ba sai ya ga 'yan itatuwa biyar a bakin hanya ya ɗauka an cika doka.

Haka abin yake a zakka, wadda a Sudan hukuma ce ke karɓa. Manomin damina yana fitar da ushiri, mai ban-ruwa da inji rabin ushiri, mai kuɗi ko kayan ciniki kuwa rubu'in ushiri, watau ɗaya cikin arba'in. Na dabbobi kowa ya haddace: tumaki 40 tunkiya ɗaya har zuwa 120, shanu 30 ɗan maraƙi, raƙuma biyar akuya ko tunkiya. Inda lissafi ke shigowa shi ne wurin masu gauraya dabbobi, abin da kusan dukkanmu ke yi. A mazhabar Malikiyya, in mutum biyu kowannensu ya kai nisabi, suka haɗa makiyayi da mashaya da makwanci, ana ɗaukarsu kamar mutum ɗaya. Mai tumaki 40 da mai 80 sun tashi 120, tunkiya ɗaya ke kansu su biyun. In an kama ta daga cikin na mai 40, to yana bin abokinsa sulusi biyu na kuɗinta, domin shi sulusi kawai ke kansa. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa komawa suka karɓi wannan sulusi biyun?

Ku kuma fatake, ku kuka fi kowa sanin zancen. Mai kuɗi ya ba falke jari ya sayo tumaki a Shuwak ko a kasuwar Gadarif ya kai Fot Sudan, aka ce sulusin riba nasa ne. Shari'a ma cewa ta yi a irin wannan ƙiradi ladan mai wahala ya zama kashi sananne daga cikin riba, ba a yanka masa tsayayyen kuɗi. Madalla. Amma sulusin me? Na ribar da ta rage bayan an cire kuɗin mota da la'adar dillali da ciyawa da haraji, ko kuwa na bambancin saye da sayarwa tun ba a cire kome ba? Abota da yawa ta mutu a kan wannan tambaya guda, saboda an ambaci kashi ba a ambaci abin da za a kasa ba.

Gado shi ne inda abin ya fi ciwo, kuma a nan laifin namu ne, ba na manomi ko na hukuma ba. Allah Maɗaukaki da kansa Ya yanka rabon a cikin Suratun Nisa'i, kuma da kashi Ya yanka shi: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. A ce mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, ya bar shanu 24 bayan an biya bashi. Tumunin takaba shanu uku ne, matan biyu su raba, kowacce saniya ɗaya da rabi. Sauran 21 a kasa bakwai, kowane namiji shida, macen uku. A takarda abu ne mai sauƙi. A ruga kuwa me ke faruwa? Sai a ce ai ba a yanka saniya biyu, a ba kowace mata ɗaya, ta ukun ta zauna cikin garke tukuna. Ita 'yar kuma a ce nata suna nan wurin yayyenta, ana yi mata kiwo. Shekara biyar, shekara goma, shanun sun hayayyafa, babu mai tuna wace ce ta wa. Matar da ta san cewa rabin saniya abu ne da ake iya yi wa kuɗi, a kimanta, ɗaya ta riƙe dabbar ta biya 'yar'uwarta rabin kuɗin, ba za a sallame ta da "sai wani jiƙon" ba. Ba muna cewa yara su zama masu rabon gado ba ne, wannan aikin malamai ne da alƙalai, kuma yana da zurfi. Akwai mas'alar da tumunin matar kan koma ɗaya bisa tara saboda masu rabo sun yi yawa, asalin lissafin ya tashi daga 24 zuwa 27. Muna dai son yarinyar da ke tallan nono yau ta iya bin lissafin da idonta ranar da za a yi shi a kanta.

Sai kuma kwalbar magani. Allurar ivermectin da muke yi wa dabbobi don tsutsar ciki da ƙazuwa, irin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, mil ɗaya ake yi wa kilo 50. Tunkiya mai kilo 25 rabin mil ke nan, maraƙi mai kilo 75 mil ɗaya da rabi. Wanda ya zarce ya yi asarar magani mai tsada, wanda ya rage kuwa ya fi shi ɓarna, don tsutsar da ba ta mutu ba ita ke haifar wadda magani ba ya ji. Ga kuma wani tarko da ba a cika lura da shi ba. Yaro a makarantar Sudan da lambobin Larabci yake koyo, inda biyar take zagaye kamar sifirin boko, sifiri kuwa ɗigo ne kawai. A jikin kwalba da sirinji kuma sau da yawa lambobin boko ne. Ka ba yaron nan takarda mai 0.5 ka ce ya karanta wa ubansa, in ba a taɓa nuna masa cewa rabi ke nan ba, Allah kaɗai Ya san abin da zai zuƙa.

Yanzu mu leƙa aji mu ga yadda ake koyarwa. Malam ya zo ya zana da'ira a allo, ya ja layi ya raba ta, ya ce lambar sama sunanta basɗ, ta ƙasa maƙam. Kafin mako ya ƙare an shiga ƙa'idoji: in za ka tara ka daidaita na ƙasa, in za ka raba ka juya na biyu. Yaro ya haddace kamar yadda yake haddace kome, ya ci jarrabawa in Allah Ya taimake shi, ya manta kafin damina. Alamar ciwon guda biyu ce, kuma duk uban da ya ga dama yana iya gwada ɗansa yau da dare. Ka rubuta masa ɗaya bisa huɗu da ɗaya bisa takwas ka ce wanne ya fi yawa. Da yawansu za su nuna ɗaya bisa takwas, saboda takwas ta fi huɗu. Sannan ka ce ya tara rabi da sulusi. Zai tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, ya ce maka biyu bisa biyar, bai kuwa damu da cewa biyu bisa biyar ba ta ma kai rabi ba. An ƙara wa rabi wani abu, ya dawo ƙasa da rabi, yaro bai ji kome a jikinsa ba! Abin dariya da ban haushi shi ne ubansa da bai taɓa zama a benci ba ba zai yi wannan kuskure ba. Ka ce masa ya zaɓa tsakanin rubu'in sa da tumuninsa ka gani ko zai yi jinkiri. Ke nan makaranta ta ɗauki yaron da gidansu aka san abu, ta mayar da shi bai sani ba.

Ba ma ɗora wa malamai laifin duka. Da yawansu haka aka koya masu, ga aji cike, ga albashi ba ya isa, wani ma ba ya jin Fulatanci ko Hausar da yaran ke yi a gida. Kuma wahalar kashi-kashi ba ta 'ya'yan makiyaya kaɗai ba ce. A 2012 wani masani na Amurka, Robert Siegler, da abokan aikinsa sun bi bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka ga cewa yadda yaro ya fahimci kashi-kashi da rabawa yana wajen shekara goma shi ke nuna yadda zai kasance a lissafin sakandare bayan shekara biyar ko shida. In 'ya'yan masu littattafai da wutar lantarki suna tuntuɓe a nan, to namu sun fi bukatar a bi da su ta hanyar da suka sani.

Hanyar kuwa tana nan a bakinsu. Mun yi sa'a ɗaya babba: sunayen kashi a Hausa daga Larabci suka zo. Abin da muke ce wa sulusi, Balaraben Gadarif tilit yake cewa, rubu'i rubu, tumuni tumun, rabi kuwa nus. Yaro yana jin su kullum. Uwarsa tana sayar da nono ratal da rabin ratal, a kasuwar amfanin gona ana auna riɗi da guntar mai ratal 100, dawa da ardab mai kela 12, mai agogo yana cewa ƙarfe uku saura tilit. Ya kamata malam ya shafe makonni yana aiki da waɗannan sunaye da baki da hannu, bai rubuta lamba bisa lamba ko sau ɗaya ba.

Kayan aikin farko tsakuwa 24 ne, ko ƙwallon dabino, ko 'yan shanun laka da yaranmu ke ginawa da kansu a bakin rafi. Me ya sa 24? Saboda tana kasuwa biyu, uku, huɗu, shida, takwas da sha biyu ba tare da saura ba. Ba banza ba magabata suka kasa faddan zuwa ƙiraɗi 24, kuma ba banza ba malaman gado ke yawan komawa ga 24. A ce wa yaro ga garkenka, ware mini rabinsa. Ya ware 12. Mayar, ware sulusi. Takwas. Rubu'i shida, sudusi huɗu, tumuni uku. Da ya yi haka sau da yawa, ba sai an gaya masa tumuni bai kai rubu'i ba, ga uku ga shida a gabansa. Sannan a ce ya haɗa rabi da sulusi: 12 da takwas, 20 ke nan, saura huɗu garke ya cika, huɗu kuwa sudusi ne, ashe rabi da sulusi sudusi biyar ne. Ya gano da hannunsa abin da littafi ke kira daidaita maƙam, kuma dai shi ne abin da malamin gado ke yi in yana neman asalin mas'ala. Bayan kwana biyu a rage garken ya koma 12, a sake tambayar sulusi. Jiya takwas, yau huɗu. A nan ne yaro zai koyi tambayar da muke so ta zauna masa har tsufa: sulusin me?

Na biyu igiya. A ɗauko igiya irin ta dangwali a ninka ta biyu a ƙulla tsakiya, a sake ninkawa, a sake. Ga rabi, ga rubu'i, ga tumuni a jere a kan abu ɗaya, yaro yana ganin rubu'i biyu sun faɗa daidai kan ƙullin rabi. Igiya tana koyar da abin da tsakuwa ba ta iyawa, watau cewa kashi ma lamba ce mai mazauni tsakanin sifiri da ɗaya, kuma in an ɗaura igiya ta biyu ana samun ɗaya da rabi. Daga igiya zuwa layukan jikin sirinji taki ɗaya ne.

Na uku watanda. Babu ɗan Bahaushe ko Bafulatanin da bai taɓa tsayawa ya ga an haɗa kuɗi an yanka sa ana kasa nama ba. A nan akwai darasi biyu. Na ɗaya, in masu watanda suka ƙaru, kason kowa raguwa yake yi, shi ya sa lambar ƙasa in ta girma kashin ke ƙanƙancewa. Na biyu ya fi muhimmanci ga ɗan makiyayi. Mahauci ba ya tara tsoka wuri ɗaya ƙashi wuri ɗaya ya ce ya raba biyu, sai ya bi kowane kashi ya sa masa tsoka da ƙashi da kayan ciki har su yi daidai. Yaron ruga mai wayo zai ce wa malam ai shanu ba ɗaya suke ba, bijimi ba maraƙi ba ne, saniya mai ciki ba tsohuwa ba ce, ta yaya uku za su zama tumunin 24? Kada malam ya tsawata masa, gaskiya ya faɗa, kuma ya fi littafin zurfi. Sai a nuna masa cewa a rabo na gaske kuɗin dabbobi ake kasawa, ba kawunansu ba. Bayan duk wannan ne za a ɗauki alli, a ce masa lambar ƙasa sunan kashin ce, ta sama kuma guda nawa ka ɗauka, a rubuta masa da lambobin Larabci da na boko gefe da gefe.

Gargaɗi ɗaya ga malamai, musamman baƙi: kada ku tambayi yaro shanun babansa nawa don ku yi misali da su. Mutanenmu ba sa son ƙidaya dabba a bainar jama'a. Wasu tsoron kambun baka suke yi, wasu kuma ba su manta da jangali ba, da harajin garke na nan Sudan. Malamin da ya yi wannan tambaya gobe zai ga benci babu kowa, a ce ɗan leƙen asirin masu haraji ne. Tsakuwa ba ta da mai ita.

Akwai kuma matsalar lokaci, wadda ta fi ƙarfin malami. Makarantun da ke bin makiyaya, waɗanda aka soma a Sudan a shekarun 1990 da taimakon UNICEF, an gina su ne a kan malami ɗaya da aji huɗu na farko, daga nan sai yaro ya tafi makarantar kwana ko ta ƙauye. Kowa ya san kaɗan ne ke tafiya, 'yan mata kuwa sai a ƙirga da yatsu. Kashi-kashi kuma a daidai wannan gaɓa yake fara nauyi. Watau yawancin 'ya'yanmu suna barin karatu a bakin ƙofar darasin da suka fi bukata. A Nijeriya ma, inda aka kafa Hukumar Ilmin 'Ya'yan Makiyaya a 1989 mai hedkwata a Kaduna, kukan da ake yi ke nan, yara na shiga da yawa, masu kaiwa ƙarshe kaɗan. Daɗin daɗawa yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya rufe makarantu. Gadarif ta cika da 'yan gudun hijira daga Khartum, sannan daga Madani a Disamba 2023, sannan daga Sinja a tsakiyar 2024, azuzuwa suka koma ɗakunan kwana. Yaran da ke aji uku da huɗu a lokacin sun yi fiye da shekara ba su ga allo ba, wasunsu kuwa sun bi shanu ba su dawo ba.

Saboda haka roƙonmu ga hukumomin ilmi na jiha shi ne, a makarantun makiyaya a jawo darasin nan gaba, a fara shi da baki tun aji biyu, a tabbata yaro bai bar aji huɗu ba sai ya iya kasa garken tsakuwa, ya kwatanta kashi biyu, ya karanta sirinji. In an rasa lokaci a rage wani abu daban. Ga malaman allo kuma, Allah Ya ƙara maku daraja, ku kuka fi kowa kusa da yaran, kuna tare da su a mashekari da rani da damina. Fara'ili ilminku ne tun kafin boko ya zo. Shi kansa Alkhawarizmi, wanda ya rubuta littafin aljabara a Bagadaza wajen shekara ta 820, babban ɓangare na littafin a kan gado da wasiyya ya yi shi. Rabin sa'a bayan karatun yamma, da tsakuwa 24, ba zai rage wa allo kome ba. Ga ardo-ardo da shugabannin rassa, ku sa a aiko 'yan mata tare da maza, kada a ce suna tatsa. Mu ma a ƙungiya akwai namu: duk lokacin da aka kira mu sulhun ɓarna, mu riƙa zaunar da yaran da ke wurin su yi lissafin da kansu a ƙasa kafin manya su tashi.

Ga wata tambaya ku kai wa yara a bakin wuta. Ba mu muka ƙirƙiro ta ba, ta fi shekara 3,500. Tana cikin wata tsohuwar takardar lissafi ta Masar da wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Landan. Wani makiyayi ne ya kawo shanu 70 a matsayin haraji, mai karɓa ya raina su, makiyayin ya amsa cewa abin da ya kawo sulusi biyu ne na sulusin garken da aka ba shi amana. Shanu nawa ne a garken? Wanda ya rasa ta inda zai kama, ya jera tsakuwa tara ya fara da su. Duk wanda ɗansa ko 'yarsa ta samo amsa ya aiko mana ta hannun sakataren reshensu, da sunan rugar, za mu buga a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.